Darasi na 9: Zaɓen Ƙararrawar Firizar Kasuwanci

Wannan darasi na masu neman abincinsu da sanyi ne: masu sayar da ɗanyen kifi da kaji, mahauta masu ajiye nama, masu askirim, masu otal da gidajen abinci, da yaran shago da ake bar wa makulli. Ana so a ƙarshensa ɗalibi ya iya karanta lambar firiza daidai, ya san irin ƙararrawar da ta dace da wurinsa, ya kuma iya gwada ta da hannunsa kafin ya miƙa kuɗi.

Firiza ba ta kuka

Injin niƙa idan ya tsaya, unguwa duka za ta sani, domin ƙarar da aka saba ji ta ɗauke. Firiza ba haka take ba. Tana iya mutuwa da ƙarfe goman dare, fitilarta na ci, fanka na juyawa, ƙofa a rufe, alhali kwamfiresa ta daɗe da tsayawa. Sai da safe yaro ya buɗe ya tarar kwalaye sun jiƙe, jan ruwa na bin ƙasa.

Abin da ke kashe sanyi yana da yawa, kuma ba duka ne ɗauke wuta ba. Wuta kan zo ba ƙarfi, kwamfiresa ta yi ta yunƙuri ta kasa tashi. A manyan ɗakunan sanyi masu fes uku, fes ɗaya kan ɗauke, kwan fitila na ci amma inji a tsaye. Man janareta kan ƙare cikin dare. Gas kan tsiyaye a hankali ta wata 'yar huda. Ƙurar hunturu kan toshe kondensa har ta kasa fitar da zafi. Robar bakin ƙofa kan saki, ko mai ɗaukar kaya ya fita bai tura ƙofar ta kama ba. Kowanne daga cikin waɗannan, ƙarshensa ɗaya ne: zafi ya fara hawa babu wanda ya sani.

Hukumomin kula da abinci na Amurka suna cewa cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kimanin awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. Wannan lissafin firizar gida ne. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu da Mayu, inda zafi kan kai digiri 40 har ya wuce, a shago mai rufin kwano da ake buɗe firiza duk bayan 'yan mintoci, kada ka jingina da shi. Lokacin da kake da shi bai kai haka ba.

Karanta lamba

A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, saboda haka mu tsaya da kyau. A ma'aunin Salshiyos, ruwa yana daskarewa a digiri 0. Duk abin da ya fi haka sanyi, ana rubuta shi da ɗan layi a gaban lamba: -5, -10, -18. Ƙasa da sifili lissafi juyawa yake yi. Lambar da ta fi girma ita ta fi sanyi. Wato -18 ta fi -10 sanyi, -25 kuma ta fi su duka. Idan ka bar firiza da dare tana nuna -20, da safe ka ga -8, to ba sauka ta yi ba, zafi ne ya hau da digiri 12, kuma akwai matsala.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi wajen ajiye daskararren abinci shi ne -18 ko abin da ya fi shi sanyi. Haka yake a ƙa'idojin hukumar Codex Alimentarius, wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, Najeriya kuma mamba ce a cikinta. Askirim ya fi son -20 zuwa -25, domin shi tun kafin ya narke yake lalacewa, ya yi tsakuwar ƙanƙara a baki.

A kula da harafin da ke kusa da lambar. C na nufin Salshiyos, F kuma Farenhait, ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi. Digiri 0 a F daidai yake da kusan -18 a C. Na'urar da aka shigo da ita daga Amurka tana iya zuwa a kan F, mai ita ya ga sifili ya ɗauka kaya na narkewa, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ga 20 ba tare da ya san cewa kusan -7 ke nan ba. Ka sa a mayar maka da ita kan C tun a shago.

Asarar da ido ba ya gani

Kifin da ake sayarwa a kasuwar kifi ta Kado a Abuja ko a ɗakunan sanyin Kano ya sha tafiya. Titus da shawa da kote daga tekun ƙasashe irin su Norwe da Holan da Muritaniya suke zuwa, a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Legas, a ɗora a mota mai sanyi ta yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Kano. Duk wannan hanya an kiyaye sanyinsa, kwali-kwali mai kilo 20. Abin takaici ne a ce a zangon ƙarshe, a hannunmu, sanyin ya yanke.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan kifi ya saki aka sake daskarar da shi, shi ke nan an gyara. Ba a gyara ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Da zarar kaya sun haura digiri 5 sai su farka su shiga hayayyafa, kuma tsakanin 5 da 60 nan ne filin wasansu. A jikin titus da shawa da sadin da tuna akwai wani ƙarin haɗari. Idan suka ɗumama, ƙwayoyin cuta kan haifar da wani sinadari mai suna histamin a cikin tsokarsu. Shi wannan sinadari, in ya riga ya samu, suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi, banda ba ta kashe shi, sake daskarewa ma haka. Sau da yawa kifin ba ya ko wari. Wanda ya ci, cikin mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, amai da gudawa su biyo baya. Uwar da ta sayi kifi biyu don miyar dare ba ta da hanyar sanin abin da ya faru a firizarka shekaranjiya. Kai kaɗai za ka iya sani, kuma ba za ka sani ba sai kana da abin da zai gaya maka. Shi ya sa a ganina ƙararrawa ba kare jari kawai take yi ba, sauke amana ce.

Wa zai ji?

Kafin ka tambayi farashi, kafin ka tambayi sunan kamfani, ka tambayi kanka: idan wannan abu ya yi ƙara da ƙarfe biyun dare, kunnen wa zai shiga? Kuma shi wanda ya ji, yana da makulli, yana da mai, ya iya tayar da janareta? Amsar wannan ita za ta zaɓa maka na'ura.

Mafi sauƙi ita ce 'yar ƙaramar ƙararrawa mai batir da ake maƙala wa a jikin firiza daga waje, wayarta ta shiga ciki. Tana nuna lamba, tana tuna mafi zafi da mafi sanyin da aka kai, tana kuma yin tsuwa idan an wuce iyaka. Uwargida mai firiza biyu a tsakar gida tana sayar da kaji, ko mai shagon da yake kwana a bayan shagonsa, wannan ta ishe su. Amma a shagon cikin kasuwa da ake rufewa da magariba, banza ce da dare. Za ta yi ta tsuwa a ɗaki rufe har batir ya mutu.

Inda akwai maigadi, a ƙara jiniya da fitila mai walƙiya a waje, kusa da inda yake zama. A nemi mai ƙarfin desibel 85 zuwa sama, a kuma gwada ta janareta na aiki, domin ƙarar da ta cika ɗaki cikin shiru, kusa da inji ba a jin ta. Manyan ɗakunan sanyi galibi sun riga sun zo da ɗan akwatin sarrafawa a bango, irin na Dixell ko Carel ko Eliwell ko Danfoss, kuma yawancinsu suna da ƙararrawa a ciki da ba a taɓa saitawa ba. A na Dixell, idan ka ga HA na walƙiya, zafi ya wuce iyaka ke nan. P1 na nufin tsinken awo, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafi da sanyi, ya lalace, dA kuma an bar ƙofa a buɗe. Mai gyaran firij zai iya jona wa wasu daga cikinsu jiniya. Sai dai a tuna, akwatin nan da wutar ɗakin yake aiki. In wuta ta ɗauke, shi ma ya mutu.

Sai kuma masu aika saƙo zuwa wayar hannu. Iri biyu ne. Akwai mai sim a cikinta, wadda ke aika saƙon tes ko ta kira lamba kai tsaye. Akwai mai bi ta intanet ɗin shago, ta aika sanarwa zuwa manhaja. A yanayinmu, mai sim na fi ba da shawara. Mai intanet tana jingine da na'urar rarraba intanet, ita kuma wutar da ta kashe firiza ita ke kashe ta, sai in an ɗora ta a kan inbata ko sola. Sannan sanarwar manhaja tana buƙatar data a wayarka, kuma cikin barci ba ta tayar da kowa. Kira shi ke tayar da mutum. Ka nemi wadda za ta kira lamba uku ko fiye bi da bi, ta kira maigida, in bai ɗauka ba ta kira yaron shago, ta kira maigadi, ta sake zagayowa har sai wani ya amsa.

Sim ɗin nan kuma sai an kula da shi. A yi masa rajista a haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi, a riƙa sa masa kuɗi, domin layin da aka bari wata da watanni ba motsi kamfani yana iya rufe shi. Na'ura mai kyau takan aiko da saƙo sau ɗaya kullum ko mako-mako, ta ce tana nan lafiya. Ranar da saƙon bai zo ba, a je a duba.

Sharaɗin da ba a sassauta shi: kowace iri ka zaɓa, ta kasance da batir nata na kanta da zai riƙe ta aƙalla kwana guda, ta kuma iya sanar da ɗaukewar wuta nan take, ba sai zafi ya hau ba. Wannan sanarwa ta farko ita ke ba ka awanni na yin shiri.

Tsinken awo da wurin ajiye shi

Ɗan ƙarfen da ke bakin wayar, wanda ke jin zafi da sanyi, shi ne tsinken awo. Yawancin na'urorin kasuwa da irin da ake kira NTC suke zuwa, yana da araha kuma ya wadatar. PT100, wanda ake yi da ƙarfen filatinam, ya fi shi daidaito da daɗewa, ya kuma fi tsada. Abin dubawa a jikin kwali abu biyu ne: ya iya auna har -30 ko -40, kuma kuskurensa kada ya wuce digiri 1. Na'urar da aka yi don firij mai sanyaya lemo ba lalle ta kai nan ba.

Tsinke kaɗai ke shiga ciki. Akwatin na'urar a waje ake barinsa, saboda bangon ƙarfe yana tare sabis, sanyi kuma yana kashe batir irin na rediyo da tocila da wuri. In dole ne wani ɓangare mai batir ya zauna a ciki, a sa masa batirin litiyam, wanda ke jure har -40. A duba alamar IP65 ko IP67, wadda ke nuna ƙura da ruwa ba sa shiga, domin ɗakin kifi kullum cikin wanki yake. Wayar da ta bi ta bakin ƙofa ta zama siririya ko mai faɗi, don kada ta ɗage roba ta buɗe wa zafi hanya.

Wurin da aka ajiye tsinken yana iya mayar da na'ura mai tsada ta zama maƙaryaciya. A gaban fanka, inda iska mai sanyi ke fitowa, kullum lafiya za ta riƙa nunawa ko da kayan da ke lungu sun fara saki. A bakin ƙofa kuwa, duk shigar mutum sai ta yi ihu. A jikin bango ko a ƙasan firizar kwance, sanyin ƙarfe za ta auna ba na kaya ba. A firizar kwance, a sa shi can sama kusa da layin da aka ce kada kaya su wuce, domin nan ne zafi ke fara taɓawa. A ɗakin sanyi, a rataye shi tsakanin kaya, nesa da ƙofa, a ɓangaren da iska ke komawa wajen fanka. Ɗaki babba yana buƙatar tsinke biyu ko fiye.

Iyaka da jinkiri

Nan ne ake yawan ɓata aiki. Ɗakin sanyi mai fanka yana tsayawa da kansa sau da dama a yini don ya narkar da ƙanƙarar da ta taru a bututunsa, kimanin minti 20 zuwa 30 kowane karo. A wannan lokaci iskar ɗakin tana ɗumama, amma kifin da ke cikin kwali bai ko motsa ba. Haka ma idan ana loda kaya. Ƙararrawar da ba ta da jinkiri za ta yi ta kuka a irin waɗannan lokuta, sau biyar sau shida a yini. Kwana uku yara za su gaji, wani ya zare batir ya ajiye a aljihun tebur, maigida kuma yana can yana barci da tunanin akwai mai tsaro. Gara a ce babu ita, mutum ya san babu.

Maganin abu biyu ne. Na farko, a sayi wadda ake iya saita mata iyaka da jinkiri. Ga kifi da nama da kaji, a ɗakin da ke tafiya a -18 zuwa -20, wuri mai kyau na farawa shi ne iyaka -15 da jinkirin minti 30 zuwa 45. Ma'ana, sai zafi ya haura -15 ya kuma zauna a can tsawon wannan lokaci kafin ta yi ƙara. Mai askirim ya matse iyakar fiye da haka. Bayan mako guda a duba yadda ɗakin ke tafiya a gyara. Amma kada a yi ta sassauta iyaka don kawai a samu shiru. Ɗakin da ba ya iya sauka ƙasa da -12, mai gyara yake buƙata.

Na biyu, a tsoma tsinken cikin 'yar kwalbar ruwan gilaikol, wanda ba ya daskarewa da wuri. Wasu na'urori da kwalbar suke zuwa. Da haka tsinken zai riƙa canzawa a hankali kamar yadda kaya ke canzawa, ba da saurin iska ba.

Na'urar da ke ajiye tarihin awo, awa bayan awa, ta cancanci ƙarin kuɗin da ake sa mata. Da ita za ka san ko kaya sun kai digiri 5, da tsawon lokacin da suka yi a can, ka yanke hukuncin sayarwa ko zubarwa bisa hujja. Hujja ce kuma a gaban dillali, ko jami'an NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna. A Tarayyar Turai doka ce rumbunan daskararren abinci su ajiye irin wannan tarihi aƙalla shekara guda, da na'urar da ta cika ma'aunin EN 12830. Ganin wannan lamba a jikin kwali alama ce mai kyau.

Masu kemis da ma'aikatan asibiti su lura: wannan saiti ba nasu ba ne. Yawancin alluran rigakafi da insulin tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, daskarewa kuma lalata wasunsu take yi. Su suna buƙatar ƙararrawa mai iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa.

A gaban mai sayarwa

Kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce, "Malam, in an ɗauke wuta, awa nawa za ta yi da batirinta?" Ka ce, "In waya ta tsinke ko ɓera ya ci ta, za ta yi ƙara ko shiru za ta yi?" Ta kirki tana yin ƙara. Ka tambaya ko akwai kuɗin wata-wata, ko ana samun tsinken canji a gari, ko kuma cajarta ta dace da wutarmu mai bolt 230, domin kayan Amurka na 120 ne. In ya ce, "Alhaji, wannan ba ta da matsala," ka ce ya zare ta daga soket a gabanka ku jira kiran tare.

Daidaiton awo kuma da kofi ɗaya ake gane shi. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan ya cike ramukan, a juya, a tsoma tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gefe ba. Bayan minti uku zuwa biyar ya kamata ta nuna 0. In ta kauce fiye da digiri 1, a gyara saitinta ko a mayar da ita. A maimaita wannan duk bayan wata shida. Ƙarar kuwa a gwada ta duk wata: a fito da tsinken a riƙe a tafin hannu, a jira jinkiri ya cika, a tabbatar kowace lamba ta samu kira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya da ya shafi rai ba kaya ba: duk ɗakin sanyin da mutum ke shiga ciki, dole ƙofarsa ta buɗu daga ciki, a kuma sa maɓallin jiniya a ciki, ƙasa-ƙasa inda wanda ya faɗi zai iya kaiwa.

Tambayoyi

1. Tsakanin -12 da -22, wanne ya fi sanyi, kuma da digiri nawa?
2. Ɗakin sanyi yana ɗauke da kwali 300, kowanne kilo 20. Kilo nawa ke nan? Nemi farashin kwalin titus na yau, ka lissafa jarin da ke ciki, ka kwatanta da kuɗin ƙararrawa mai sim.
3. Me ya sa soya kifin da ya ɗumama ba ya kawar da haɗarinsa?
4. Mai shago a cikin kasuwa, gidansa na da nisa, babu maigadi. Wace irin ƙararrawa za ka ba shi shawara ya saya, kuma don me?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya samu firiza ɗaya, tasa ko ta maigidansa ko ta maƙwabci, ya rubuta lambar da take nunawa safe da rana da dare har kwana bakwai. A ƙasan takardar ya rubuta mutum uku da za a kira idan sanyi ya yanke cikin dare, da wanda ke riƙe da makulli, da wanda ya iya tayar da janareta. Ku zo da takardun aji na gaba, da su za mu koyi saita iyaka da jinkiri a kan na'ura ta gaske.